Lemun Tsami A Tsakar Gida: A Kula Da Ƙayarsa

 Wannan makon za mu duba bishiyar lemun tsami, wadda da yawanmu ke sha'awar dasawa a gida. Ganyenta kore ne shar rani da damina, furenta fari mai ƙamshi, ga 'ya'yanta na kunu da shayi. Sai dai tana da ƙaya mai tsini, kuma a nan ne iyaye ya kamata su yi tunani kafin su haƙa rami.

Abu na farko shi ne wuri. Kada a dasa ta a bakin ƙofa, ko hanyar banɗaki, ko inda yara ke wasa, domin rassanta na ƙasa daidai idon yaro suke. A zaɓi lungun da rana ke samu sosai, a bar kamar mita 3 tsakaninta da katanga. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya, saiwarta ruɓewa take yi.

Farkon damina ne lokacin dashe. A nemi mai aure, domin ita kan fara 'ya'ya cikin kimanin shekara 3, wadda aka shuka daga ƙwallo kuwa takan daɗe, kuma ta fi ƙaya. Kada a binne gurbin auren, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da shi a cire. A sare rassan da ke jan ƙasa, a datse tsinin ƙayar da almakashi, hakan ba ya cutar da bishiyar. Abin da aka sare a kwashe nan take, kada a bari a tsakar gida, musamman in akwai mai ciwon suga, wanda rauni a ƙafarsa ke wuyar warkewa.

Idan ƙaya ta soki yaro, a cire ta, a wanke wurin da ruwa da sabulu. In ta karye a ciki, ko wurin ya kumbura ya fara ruwa, a je asibiti, a kuma tambayi batun allurar tetanus. Idan ido ne, kada a murza, kada a ɗiga komai, a garzaya wurin likita.

Uwargida kuma, in kin matse lemun, ki wanke hannu kafin ki shiga rana, domin ruwansa da hasken rana kan haɗu su ƙona fata.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.