Ƙidayar kada: darasin Amazon ga madatsun ruwan Funtua da Malumfashi

Kogin Sakkwato daga kusa da Funtua ya taso, shi ne kuma ya gangara har Argungu, inda al'ada ta ɗora wa Sarkin Ruwa alhakin kare masunta daga kadoji ranar gasar kamun kifi. A kudancin Katsina kuwa, dubban masunta da manoman rani sun dogara da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye da ta Malumfashi. Duk ruwan da jama'a ke shiga haka, wajibi ne hukuma ta san ko akwai kada a cikinsa, guda nawa, kuma mene ne girmansu.

A Mamirauá, wani dajin Amazon da ke Brazil wanda ruwa ke mamayewa duk shekara, masana kan shiga kwalekwale da dare da fitila mai ƙarfi. Idon kada kan yi ja idan haske ya dake shi, sai su ƙirga idanun, su raba da yawan kilomitocin gaɓar da suka bi. Daga tsawon kan dabbar suke kintatar tsawon jikinta, daga tsawon kuma su fitar da nauyi. Nauyin ne ke bambance ruwa mai ƙanana ɗari da mai manya goma da za su iya kama akuya ko yaro.

Lokaci ma na da tasiri. Idan ruwa ya cika, kadoji kan bazu cikin bishiyoyi, adadin ya fito ƙasa da gaskiya. A Katsina lokacin da ya dace shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ke ƙare wa ɗan kada, ya taru a sauran gurabe.

Tun 1985 Najeriya ke da dokar taƙaita farauta da cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kada na cikinsu. Doka ba ta kare abin da ba a ƙirga ba, ba ta kuma kare masunci daga gare shi.

Aikin ba shi da tsada, kuma jami'o'in Dutsin-Ma da Zariya na da masanan dabbobi. Babban cikas shi ne tsaro: ƙidayar dare ce, a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka hana manoma da dama kai magariba a gona. Sai gwamnatin jiha ta samar wa masana rakiya kafin a fara.