Furen da ake ci da maki

A bakansin da ya wuce na sauka gidan ƙanena a Yamai. Bayan sallar isha'i sai na tarar da ƴanmata huɗu, ƴaƴansa biyu da ƙawayensu biyu, sun kewaye telebijin suna sowa. Wata tsohuwar na'urar Wii ce da aka zo musu da ita daga Faransa, wasan da ke ciki kuwa sunansa The Bachelor, wato tuzuru. Babbar ta ce: «Baba, zo ka gwada.» Na karɓi linzamin, na shiga, har na ci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin cin da na yi. Sai da aka zo rabon furanni, ƙaramarsu ta tashi hannu wofi, sauran suka kwashe da dariya suna cewa: «Ke ba a son ki!» Ita ma ta yi dariya, amma ta aje linzamin, ba ta sake ɗauka ba har muka kwanta.

Ga wanda bai san asalin abin ba, shirin The Bachelor ya fara ne a tashar ABC ta Amurka a shekarar 2002. Ana kawo namiji guda, a jera masa mata 25, ya yi ta fita yawo da su, a ƙarshen kowane zagaye ya miƙa jan fure ga waɗanda yake so su zauna, wadda ba ta samu ba ta kwashe kayanta. Tashar M6 ta Faransa ta yi nata a 2003, Canal+ ta kawo na Afirka mai magana da faransanci a 2022. Wasan bidiyon da na taɓa ya fito a 2010. Mutum huɗu ke iya yin sa tare: ana ƙananan gasa na saurin hannu da kaifin ido, ana tara maki, wanda ya fi maki ya fi kusa da zuciyar tuzurun. Na'urar ta tsufa, amma jikokin wasan sun cika salula, irin su Love Island, ba sai an aiko wa kowa daga Turai ba.

Da na kawo zancen a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce: «Mushe, ai wasa ne kawai.» To, da wannan magana nake jayayya. Mu da muke koyarwa mun fi kowa sanin cewa abin da yaro ya aikata da hannunsa ya fi zama a kansa bisa abin da ya ji da kunne. Don haka ne muke tura ɗalibi allo, don haka muke ba shi aikin gida. Mai kallon shirin a telebijin yana iya tsaki ya tashi. Mai wasan kuwa shi ke cikin layi, shi ke neman furen, kuma sai ya ka da ƙawarsa ko abokinsa kafin ya samu. Darasin da ake maimaita masa kowane zagaye guda uku ne: so lada ne da ake ba wanda ya fi maki, wadda ke zaune kusa da ke kishiya ce, kuma wadda ba a zaɓa ba abin dariya ce. In har wasa ba ya koyar da kome, don me muke sa yara wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara?

Ba ni kaɗai ke cewa soyayyar nan ta haya ce ba. Ranar 3 ga watan Yuni 2009, kotun ƙolin Faransa, wadda ake kira Cour de cassation, ta yanke hukunci kan shirin L'Île de la tentation na tashar TF1, ta ce waɗanda suka fito a cikinsa ma'aikata ne, domin kamfanin ne ke tsara musu lokaci, yana ba su umurni suna bi. Ashe abin da aka sayar wa masu kallo da sunan bugun zuciya aikin albashi ne. Wasan bidiyon kuwa kwaikwayon wannan kwaikwayon ne, shi muka miƙa wa yarinya ƴar shekara goma sha biyu.

Wani zai ce mu ma muna da gasar neman so. Gaskiya ne. A dandali ƴanmata na gaɗa samari na kallo, kuma a bikin Gerewol na Woɗaaɓe, wajejen Ingal, samari ke jera layi da kwalliya, ƴanmata su zaɓa. Amma wanda aka zaɓa da wanda aka bari gobe za su haɗu a bakin rijiya guda. Akwai sarkin samari, akwai gwaggo da kaka, akwai kunya da ke hana mai nasara yi wa ɗan'uwansa dariya. Zance a ƙofar gida yana da shaidu, kuma ƙarshensa iyaye ne da goro da sadaki. A cikin na'ura ba mai jin kunyar kowa, ana gama zagaye a sake sabon tuzuru.

Sai dai ina da jayayya ta biyu, da waɗanda ke ganin hani ya wadatar. A 2024 hukumomin ƙasarmu sun umurci Canal+ ta daina watsa The Bachelor a Nijar, mutane da dama suka yi murna, suka koma barci. To, wa zai hana salular da ke aljihun ɗalibi? A Kano an ƙona littattafan soyayya a 2007, har yau ana rubuta su, ana karanta su a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Hani yana rufe allo guda, ba ya ba yaro amsar tambayar da ta kai shi gaban allon, wato yaya ake so, yaya ake neman aure, me mutum zai yi in an ƙi shi. Mu manya mun yi shiru kan waɗannan, muna kiran shirun kunya, kamfanonin waje kuwa sun amsa da tasu amsar.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, shawarata ita ce mu kai abin cikin aji. A darasin faransanci a sa ɗalibai su fayyace dokokin wasan: wa ke zaɓe, wa ake zaɓa, wa ke cin riba? A darasin Hausa a aza shi kusa da karin maganar da ke cewa son maso wani ƙoshin wahala, a tambaye su me kakanninsu suka gano game da mata ashirin da biyar masu bin mutum guda. A gidajen matasa da fadodin unguwa a shirya muhawara, a bar ƴanmata su fara magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da safe na tambayi ƴar ƙanen nawa abin da ya sa ta bar wasan. Ta ce: «Baba, ban iya ba ne, shi ya sa bai so ni ba.» Na zaunar da ita na gaya mata cewa na'ura ba ta son kowa, lissafi kawai take yi. Ta gyaɗa kai. Na dawo Maraɗi ina tunanin sauran ƴanmatan da ke cikin azuzuwanmu, waɗanda ba wanda ya zaunar da su. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.