Sharhi: Sunan ciwo ɗaya, magani daban-daban



Za ka tarar da mata biyu kwance a ɗaki ɗaya a asibiti, kowacce an ce sankarar mama ke damunta, amma maganin da ya tashi wannan bai yi wa waccan komai ba. Likitoci sun daɗe suna ganin haka kafin su gano cewa bambancin yana cikin ƙwayoyin ƙullutun kansa.

Idan aka ɗebo 'yar tsoka daga ƙullutun, ana daskarar da ita cikin kakin kyandir, a yanka ta fiye da ɓawon albasa rashin kauri, a shimfiɗa kan gilashi, a ɗiga mata sinadari. Duk inda ya kama sai ya rine ruwan ƙasa. Rinin nan shi ke nuna ko ciwon yana girma ne da sinadarin jikin mace na estrogen, wanda ƙwayar tamoxifen ke toshe masa hanya, ko kuwa furotin HER2 ne ya yi masa yawa. Wannan na biyun, wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu ciwon, saurin yaɗuwa gare shi, kuma ba shi da magani nasa na kansa sai a 1998 da Amurka ta amince da allurar Herceptin.

Akwai kuma wanda gwajin ba ya kama komai a jikinsa. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Shikago, ta bincika tsokar matan Najeriya da Senegal, ta samu irin wannan ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da Turawa. Mace mai irinsa ko shekara biyar ta yi tana haɗiyar tamoxifen, lalube ne kawai cikin duhu. Abin da ke ci mini rai ke nan: a sayar da gona, a sayar da awaki, a sayi maganin da tun farko ba nata ba ne.

Don haka 'yar'uwa, kafin a fara ba ki magani, ki tambayi likita ko an yi wa tsokar wannan gwaji. Ku kuma 'yan jinya da ake miƙa wa kwalba a ce ku kai ɗakin gwaji na wani gari, ku duba ku ga tsokar ta nutse sosai cikin ruwan fomalin. Ana so ta shiga cikinsa kafin awa ɗaya da cirowa, domin in ta jima a waje rinin kan ƙi kamawa, sakamako ya fito ba daidai ba.