A Daina Ɗaure Mutane da Kuɗin Shekara a Gidajen Motsa Jiki

Da zarar bazara ta kama, shawara guda ake ta maimaita wa matasan da suka buɗe gidajen motsa jiki a garuruwanmu, har da nan Gadarif ta Sudan. Wai zafi na korar mutane, don haka a karya farashi, a baza talla a Facebook da WhatsApp, a lallaɓa mutum ya biya kuɗin wata shida ko na shekara a dunƙule, a kuma rataya allo cewa ƙofa a buɗe take dare da rana. In ya biya ya ɗauru, ya zo ko kada ya zo, kuɗi sun shiga. Wannan ake kira riƙe abokin ciniki. Ni ban yarda da ita ba. Shawara ce da ta saɓa wa amana, kuma ko a ma'aunin riba tsagwaronta ba za ta ci ba a wannan gari.

Daga Amurka aka kwaso ta. A can ne kamfanoni irin su Anytime Fitness, wanda aka kafa a jihar Minnesota a 2002, suka yaɗa tsarin ba wa mutum ɗan makulli ya shiga ko ƙarfe nawa ne, ana cire kuɗi daga asusunsa na banki duk wata. A 2006 wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa binciken da suka yi a kan mutum kusan 8,000 a gidajen motsa jiki uku. Sun gano cewa masu biyan fiye da dala 70 a wata ba sa zuwa sai kamar sau huɗu, wato kowane zuwa ya tasar musu fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga suka saya da dala 10 za su biya. Kuma bayan mutum ya daina zuwa gaba ɗaya, yakan ƙara fiye da wata biyu ana cirar kuɗinsa kafin ya soke rajista. Ribar tsarin tana wajen wanda ya biya bai zo ba. Koke ya yi yawa har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fitar da doka a Oktoban 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, ko da yake kotu ta soke dokar a Yulin 2025. Abin da masu shi suke shari'a a kansa, shi ake kawo mana a matsayin wayewa.

To, bazarar ma ba ɗaya ba ce. Tasu hutu ce, daga Yuni zuwa Agusta, yara sun bar makaranta, iyali sun tafi yawon shaƙatawa. Tamu a Afrilu da Mayu take tsananta, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Watannin da suke hutu, mu a lokacin ne gari ke tashi tsaye. Tun shekarun 1940, da aka fara noma da inji a Gadambaliya, kalandar Gadarif ta gona ce. Ruwa na sauka, direban tarakta da makanike da ɗan ƙwadago da mai gona duk sun nufi daji. A shuka dawa da riɗi, a yi ta fama da ciyawa, baƙar ƙasar nan ta laka ta riƙe mota ta hana ta motsi. Oktoba kuma riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkirin yanka sai ya tsage ya zube. Sai buhuna sun shiga kasuwar amfanin gona kuɗi ke yawo a hannun mutane.

Yanzu a duba: saurayi ya zo a Afrilu, ka san shi, ka san mahaifinsa, ka san daga Yuli zuwa Nuwamba yana gona a wajen Fashaga. Ka karɓi kuɗinsa na shekara da sunan rangwame. Me ka sayar masa? Wata biyar da ka tabbata ba zai taka ƙofarka ba. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, kuma addininmu ya yi hani a sarari game da cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Sa hannun da ya yi a takarda ba ya wanke wanda ya tsara cinikin yana sane.

Na san abin da mai gidan zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Akwai haya, akwai man janareta, ƙarafan nan da tsada aka shigo da su, yana bukatar kuɗi a dunƙule. Amma kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, a cikin 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a farashin rangwame ya ɗaure kansa ne da alƙawarin wata goma sha biyu, da kuɗin da ke narkewa a hannunsa. Kuma a garin da kowa ya san kowa, mutum ɗaya da ya ji an cuce shi ya isa ya hana majalisarsa duka zuwa.

Maganar buɗewa dare da rana kuwa, alƙawari ne da ba a hannun mai gida yake ba. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 an sa dokar hana fita da dare a jihar nan. A Janairun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar wutar Shuwak, Gadarif da Kassala suka shiga duhu. Wa zai ƙona gas ƙarfe uku na dare saboda mutum biyu? Lokutan da jikin mutanenmu ke son motsi sanannu ne: bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, da bayan isha'i, sai kuma watan azumi daga idar da asham zuwa sahur. A zuba wuta da fanka da ruwan sha mai tsabta a waɗannan sa'o'i, a rufe a sauran.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da wannan talla ba ta ko kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Su wa suka fi rasa wannan? Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago da ciwon suga. Uwar da hawan jini ya kama, wadda ba za ta shiga ɗaki cike da samari ba sai an ware wa mata lokacinsu, da mace mai koyarwa da labule a ƙofa. Da dubban 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro daga Khartum da Jazira da Sinja, waɗanda suka cunkushe a makarantu da gidajen dangi, zuciya cike da damuwa, ba su san ko wata mai zuwa suna nan ba. Babu ɗayansu da zai iya kwangilar shekara. Da yawansu za su iya kuɗin shiga na rana, a tura ta manhajar Bankak, ko tikitin zuwa goma da ba ya mutuwa don wata ya ƙare.

Ku matasa masu wannan sana'a, sana'arku mai amfani ce, kuma garin na bukatarku. Ku karɓi kuɗin zuwan da aka yi. Wanda zai tafi gona ku dakatar masa da lissafi har ya dawo da kaka, wanda kuka kwana biyu ba ku gani ba ku kira shi ku ji lafiyarsa. Kai kuma mai karatu, kafin ka biya ko fam ɗaya ka tambaya: in na tafi damina za a tsayar mini da kwanakina? In na fasa za a mayar mini da ragowar kuɗina? Idan aka ce a'a, riƙe kuɗinka.