Fararen Hanyoyin Toskana: Hanyar Burji a Matsayin Kayan Gado

A tsakanin biranen Fulorens da Siyena na ƙasar Italiya akwai wani yanki mai tuddai da ake kira Kiyanti. Kurmi ya rufe mafi yawan tuddansa, gonakin inabi da na zaitun kuma suna shimfiɗe a gangarensu. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da gonakin nan da yawansu ba su taɓa ganin kwalta ba. Niƙaƙƙen farin dutse aka zuba aka daddaɓe, shi ya sa mutanen wurin ke kiran su fararen hanyoyi. Da rani ƙura ce, in ruwa ya sauka kuma caɓi ne mai santsi. A yau mutane na ƙetare teku da kekunansu don kawai su bi waɗannan hanyoyi, har ta kai ana fafutukar hana a zuba musu kwalta. Ra'ayina shi ne wannan fafutuka tana da hujja mai ƙarfi, amma hujjar tana tsayawa ne bisa sharuɗɗa, kuma masu yayata ta sun fi son ambaton hujjar fiye da sharuɗɗan.

Asalin lamarin ya faro ne a 1997, lokacin da Giancarlo Brocci ya tara mahaya 92 a garin Gayole don wani hawa da ya sa wa suna L'Eroica, wato na jarumai. Manufarsa biyu ce: tunawa da wahalar tseren kekuna na zamanin da, da kare fararen hanyoyi daga kwalta da ke cinye su ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar hawan ita ce a zo da keken ƙarfe irin na kafin 1987. Hanya mafi tsawo ta kai kilomita 209, tana hawa zuwa fadar Brolio, ta gangara kudu har Montalcino, ta juyo ta Asciano. An kafa mata alamomi na dindindin, kowa na iya bin ta a kowane lokaci na shekara. A farkon watan Oktoba na kowace shekara dubban mahaya ke cika wannan ƙaramin gari.

Daga wannan hawa aka haifi tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda yanzu ake yi a watan Maris, ana kammala shi a dandalin Piazza del Campo na Siyena. An ƙara na mata a 2015. Fabian Cancellara ya lashe shi sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, har aka raɗa wa sashen Monte Sante Marie mai tsawon kilomita 11.5 sunansa. A wannan sashe ne Tadej Pogačar ya tsere wa abokan karawarsa a 2024, saura kilomita 81 a kai ƙarshe. Abin ya yaɗu: tseren Paris-Tours ya shigar da hanyoyin gonakin inabi tun 2018, gasar Tour de France ta bi irinsu a kewayen garin Troyes a 2024, hukumar tseren kekuna ta duniya kuma ta gudanar da gasarta ta farko ta hanyar tsakuwa a Italiya a 2022. Masana'antu suka ƙera keke na musamman mai faɗin taya, milimita 35 zuwa 50, inda na kwalta bai cika wuce 30 ba. Da wannan keke talakan mahayi ma ya samu damar barin babban titi ya shiga daji.

Hujja ta farko ta masu kare waɗannan hanyoyi ita ce ta tarihi, kuma na yarda da ita. Hanya takarda ce da ƙafafun mutane suka rubuta. A zauren majalisar birnin Siyena akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339 kan tasirin kyakkyawan mulki da mummuna. A ɓangaren kyakkyawan mulki ya zana karkara mai gonakin inabi, da manoma da dabbobinsu ɗauke da kaya a kan hanya, suna shiga birni suna fita cikin aminci. Tun ƙarni na 14 ke nan mutanen wannan ƙasa suke auna adalcin hukuma da halin da hanyar ƙauye take ciki. Wasu sassan hanyoyin yau kuma sun hau kan tsohuwar hanyar masu ziyara zuwa Rum, wadda babban limamin Kantabari Sigeric ya lissafa zangunanta 79 a shekara ta 990. Idan aka zuba kwalta, injiniya kan miƙe lanƙwasa, ya faɗaɗa gefe, ya sare itatuwan bakin hanya. Abin da ya rage yana kai mutum inda za shi, amma ya daina ba da labarin waɗanda suka riga shi bi.

Hujja ta biyu ta abinci ce. Mai mota yakan ratsa Kiyanti cikin awa biyu, ya tsaya sau ɗaya ya ɗauki hoto. Mai keke yunwa na kama shi, ƙishirwa na damun sa, tayarsa na yin faci, dare na yi masa a ƙauye. Kuɗinsa na faɗawa hannun mai masauki da mai gidan abinci da mai gyaran keke, a garuruwan da motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa tsayawa. Yakan zo kuma a Maris da Oktoba, lokacin da baƙin bazara suka yi ƙaranci. Hanyar da a da ake ganin alamar koma-baya ce ta zama jari.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo na shan ƙura yini guda ya mayar da ita labari mai daɗi. Mazaunin wurin yana shan ta kowace rana, a kan tufafin da ya shanya da ganyen inabin da ke bakin hanya. Farar hanya na buƙatar gyara akai-akai: ruwan sama na zaizaye ta, tayoyin mota na yi mata kunya-kunya, dole a kawo injin baje ƙasa, a ƙara tsakuwa, a yashe magudanai. Ƙananan hukumomi masu 'yan dubban mutane ne ke ɗaukar yawancin wannan nauyi. Tsohuwar da motar asibiti za ta zo ɗauka cikin dare ba ruwanta da tarihin tseren kekuna. Ƙari a kan haka, hanyar wurin aiki ce. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba lokacin tsinkar inabi ne, taraktoci na ja da kaya a kan siraran hanyoyin da mahaya ke gangarowa da gudu. Manoma na kewaye gonakinsu da shinge saboda aladen daji da barewa masu ɓarna, mahayin da ya buɗe ƙofa ya wuce bai rufe ba yana iya jawo asarar wahalar shekara.

Akwai kuma wani abu da ya fi ƙura nauyi, wato irin tarihin da ake sayar wa baƙo. Waɗannan hanyoyi sun yawaita ne a ƙarƙashin tsarin noman raba-daidai, inda mai ƙasa ke ba iyali gona da gida, su noma, a raba amfani. Kowane gidan gona da ke tsaye shi kaɗai a kan tudu yana buƙatar hanyar da za a fitar da rabon mai ƙasa. Rayuwa ce ta bashi da talauci, shi ya sa a shekarun 1950 da 1960 iyalai suka yi ta barin gonaki zuwa masana'antun birni, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidajen da suka bari masu kuɗi suka saye, da yawansu baƙi daga Ingila da wasu ƙasashe. Wani ɓangare na dalilin da ya sa kwalta ba ta iso wasu hanyoyin ba shi ne mutanen da za su neme ta sun riga sun tafi. A yau kuma 'yan ci-rani ne ke yin kaso mai yawa na aikin gonakin inabi a Italiya, har ta kai ƙasar ta tsaurara doka a 2016 kan dillalan ƙwadago masu ci da guminsu. Mahayin da ke sanye da rigar ulu irin ta da, yana kwaikwayon wahala don nishaɗi, yana wucewa ta gefen mutumin da wahalar ba wasa ba ce a wurinsa. Tallar yawon buɗe ido ba ta cika nuna wannan mutum ba.

Saboda haka nake ganin sharuɗɗa uku ne ke halatta barin hanya ba kwalta. Na farko, a ce akwai zaɓi. Kiyanti na da titin kwalta mai lamba 222 da ya ratsa ta daga Fulorens zuwa Siyena, manyan garuruwanta duk suna haɗe da kwalta. Farar hanya ƙari ce a kan abin da ake da shi. Na biyu, masu cin moriya su biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: masu shirya gasa da kamfanonin kekuna da masu masaukai su ɗauki kaso bayyananne na kuɗin gyara, kada a bar shi a wuyan mai biyan haraji na ƙauye. Na uku, magana ta ƙarshe ta zama ta mazauna, hanya bayan hanya. Inda iyalai ke buƙatar kwalta don makaranta ko asibiti, buƙatarsu ta riga sha'awar baƙo.

Sharaɗin farko shi ne ya kamata manazarcin Hausa ya riƙe da kyau. A bakin Bahaushe kalmar burji na tafe da motar da ta maƙale da damina, da amfanin gona da ya ruɓe kafin ya isa kasuwa, da mai naƙuda a bayan babur. Wanda ya ɗauko misalin Toskana ya ce wa mutanen irin wannan ƙauye su yi alfahari da ƙurarsu ya yi musu izgili, domin su ba a ba su zaɓi ba. Abin ɗauka a nan shi ne yadda aka mayar da hanya abin nazari. Muna nazarin ganuwa da ƙofofi da fadoji, amma burtali da hanyoyin fatake, irin wadda ta kai ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja, mun fi sanin su a rubuce fiye da a ƙasa. Gonaki da gine-gine na cinye su, tsofaffin da suka san zangunansu da sunayensu kuma suna ƙarewa. Aikin bin sawunsu, da rubuta sunayen mashaya da mahaɗa, da zana taswirarsu, aiki ne na sassan nazarin harshe da al'ada da tarihi, ba ya jiran kowa ya zo da keke.

Mutanen Gayole sun yi nasara ne saboda sun tsaya sun tantance hanyoyinsu kafin su ɓace, suka sa musu suna da alama, suka samar musu da dalilin rayuwa. Ko wannan nasara za ta ɗore ya danganta da amsar tambayar da zanen Lorenzetti ya riga ya yi: shin manomin da ke bin hanyar da kayansa yana cikin masu amfana da ita? Da wannan ma'auni ya dace a auna kowace farar hanya, kafin a yanke hukuncin barin ta ko rufe ta da kwalta.