Wa ya koya mana tambayar “namu ne?”

Ranar Lahadi da safe, a hanyarmu ta zuwa sujada a Jos, mota ta buge wani saurayi mai tura baron rake, ta tsere. Ya faɗi a bakin kwalta, ƙafa a karye, jini na kwarara daga kansa. Mun fi mutum ashirin a wurin, kusan kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata. Wasu suka zaro waya suna ɗaukar bidiyo. Na tare wani dattijon ikilisiyarmu da ya rage gudu, na ce, “Baba, don Allah ku taimaka mu kai shi asibiti.” Ya leƙo, ya dubi hular yaron da ke yashe a ƙasa, ya ce, “Namu ne?” Sai ya ce shi zai buɗe sujada da addu'a, ya riga ya makara. Ya ja motarsa.

Har yanzu raina a ɓace yake. Jinin mutum na zuba, kai kuwa abin da ya dame ka shi ne a wane ɗaki yake yin addu'a?

Tun muna makarantar Lahadi muke jin labarin da ke cikin Luka sura 10. Hanyar Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangare mai duwatsu inda 'yan fashi ke fako. Firist ya ga wanda aka yi wa jina-jina ya ratse, Balawe ma haka, su biyun ma'aikatan Haikali ne. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ba sa ko ga maciji da su. Ya zuba wa raunin mai da ruwan inabi, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, ya ba mai masauki dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu ke nan, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Ku koma ku duba: Yesu bai faɗi ƙabilar wanda aka sara ba, bai faɗi addininsa ba. 'Yan fashin sun tuɓe shi, babu rigar da za ta nuna ko ɗan wane gida ne. Mu ne muka dawo muna neman hular da za mu duba.

Na san abin da za a ce mini, ai garin nan ya sha wuya. Gaskiya ne. Tun rikicin Satumban 2001 unguwanninmu suka rabu, akwai gidajen da har yau ba su ga gawar 'ya'yansu ba. Ba na raina hawayen kowa. Amma a wannan jihar ta Filato, a watan Yunin 2018, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye fiye da mutum 200, galibinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya tsaya gaban masu makamai ya ƙi buɗe ƙofa. Mun yi ta yabonsa a kan bagadi, muna tafi. Shi ransa ya sa a bakin bindiga. Mu kujerar mota muke tsoron jini ya ɓata.

Sai a ce tsoron 'yan sanda ne, ka kai mutum asibiti a riƙe ka. Yakan faru. Sai dai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce ko harbin bindiga ne a yi wa mutum magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Lambar hukumar kiyaye haɗura 122 ce, kyauta. Wayar da ta ɗauki bidiyo ba za ta iya danna lamba uku ba?

Fastocinmu ma suna da laifi. Sanarwar baikon gini ba ta yankewa, ta ashobin zumuntar mata ma haka. Yaushe rabon da a ware ko kashi ɗaya na baiko don baƙon da ya faɗi a ƙofarmu? Matiyu sura 25 ta gaya mana a kan me Almasihu zai yi shari'a: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar sutura, marar lafiya, ɗan kurkuku. Babu tayil ɗin majami'a a ciki.

Wani mai keke napep ne ya sauke fasinjojinsa, muka kama yaron, ni da shi da wata mama mai sayar da ƙosai wadda ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa kai. Ban san addinin mai keken ba, ya ƙi karɓar ko sisi. Ran Laraba na koma asibitin, an ɗora ƙafar, yayansa ya iso daga ƙauye. Da yamma na je addu'ar tsakiyar mako. Mutum uku suka tambaye ni dalilin rashin zuwana sujada ran Lahadi. Biyu daga cikinsu suna tsaye a bakin kwaltar nan, kuma babu wanda ya tambaye ni ko yaron yana da rai.