Wasiƙa zuwa ga matasan injiniyoyi masu lissafin zafi a kwamfuta

 Ƴaƴana, daga unguwar Talladje a Yamai nake rubuto muku. Lissafin da a da yake cinye wata guda, yau kuna gama shi kafin la'asar. Madalla, Allah ya ƙara basira.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai kawo hoton na'urar dumama ruwa da rana, ja a nan, shuɗi a can, ya ce nan wurin zai kai digiri 80. Ka tambaye shi ko ya taɓa ɗora ma'auni a kan ƙarfen, sai ya hau sosa ƙeya. Kwamfuta ba ta san ƙurar hunturu da ke kwanciya kan gilashi ba, ba ta san ranar Afrilu a Yamai ba, sai abin da ka auno ka ba ta.

Ku dubi masu ƙera injin kumbo mai aiki da lantarki, irin wanda ya kai kumbon SMART-1 zuwa duniyar wata bayan an harba shi a 2003. Can sama babu iskar da za ta kwashe zafi. Don haka sukan kulle injin cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, su manna masa wayoyin auna zafi, ya yi ta aiki sa'o'i dubbai, kafin su yarda da lissafinsu. Su da ke da manyan kwamfutoci ke nan!

Har gara ma wanda bai auna ba da wanda ya auna rana ɗaya, ya yi ta murɗa lambobi har layin lissafi ya hau kan na awo, sannan ya rubuta wai an tabbatar. Wa ya tabbatar? Kai ne mai ƙara, kai ne shaida. In kun daidaita lissafi da awon Janairu, ku bar lambobin yadda suke, ku gwada su da na Mayu. In sun saɓa, ku rubuta sun saɓa.

Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969 zuwa 1985. Na'urorinsa ƙera su ake yi, a girke su a rana, a ga abin da za su yi. Yau sunansa na kan takardunku na jami'a, amma wasunku tsayuwar awa guda a tsakar gida ta gagare su. Kaico!

Ku gafarce ni in harshe ya yi kaifi. Rahoto na gaba dai, ku haɗo shi da takardar awo, da kwanan wata da sa'ar da aka yi shi.

Wassalam,
Babanku a sana'a